Sanƙarau da Lokacinsa a Ƙasar Tambuwal da Kebbe



An nemi mu yi magana a kan cututtukan da yanayin ƙasarmu mai zafi ke haddasawa, da waɗanda tafiye-tafiye ke yaɗawa. Wannan fage ne mai faɗi ƙwarai, in muka ce za mu kewaye shi duka, rana za ta faɗi ba mu kai rabi ba. Saboda haka muka zaɓi cuta guda, watau sanƙarau, domin ita ce ta haɗa al'amuran nan biyu, kuma domin ƙasar nan da muke zaune cikinta, daga nan Sanyinna zuwa Jabo da Dogon Daji da Tambuwal har Kebbe, tana da wani matsayi a tarihin cutar wanda yawancinmu ba su san da shi ba. Mu mun san Tambuwal da ribaɗin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna. Likitocin duniya kuwa sun san sunan ne saboda wata sabuwar ƙwayar sanƙarau da ta fara ɓarna a nan a shekarar 2013. Za mu zo ga wannan labari, amma sai mun fara da sanin abokin gabar tukuna.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam da lakar gadon bayansa suna lulluɓe da wani tantani mai laushi, da ruwa garau yana kewaya a tsakani. Idan ƙwayar cuta ta sami shiga wannan ruwa, tantanin ya kumbura, shi ne abin da muke kira sanƙarau, saboda yadda wuya ke sanƙarewa har mutum ya kasa sunkuyar da kansa. Ƙwayoyi da dama suna iya yin wannan ɓarna, amma wadda ke tayar da annoba a ƙasashenmu guda ce, wadda wani likita ya fara ganowa a birnin Biyana a shekarar 1887. Tana da dangi goma sha biyu, an bambanta su da haruffan boko bisa ga irin rigar da kowace ke sanye da ita, shida daga ciki ne masu kisa: A, B, C, W, X da Y. Ku riƙe waɗannan haruffa, domin kusan duk labarinmu a kansu ya rataya.

Abin mamaki game da wannan ƙwaya shi ne, ba a rijiya take zaune ba, ba a jikin sauro ko dabba ba. Mazauninta maƙogwaron ɗan Adam ne kaɗai. A cikin kowane mutum goma masu lafiya, akan sami kimanin ɗaya yana ɗauke da ita bai sani ba, yana cin tuwonsa, yana zuwa kasuwa, yana ba wasu ita ta tari da atishawa da kusantar numfashi. In an lissafa mu da ke cikin wannan ɗaki, da wuya a ce babu mai ita. Tana nan rani da damina. To, me ya sa ba ta kisa da yawa sai a wasu watanni sanannu?

Amsar tana cikin iska. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ba mu san wata magana da ta fi wannan bayyana al'amarin ba. Bangon shi ne fatar nan mai danshi da ta shimfiɗe cikin hanci da maƙogwaro. Daga watan Nuwamba iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙura daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi kamar toka. Danshin iska a ƙasar Sakkwato yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, hanci ya yi ta haɓo. Abin da muke gani a leɓe, shi ne ke faruwa a can cikin maƙogwaro inda ido ba ya kai. Sa'an nan bazara ta biyo baya a watan Maris da Afrilu, zafi ya haura awo 40, ga mura da tarin da hazo ya bari. A lokacin ne ƙwayar da ta yi wata da watanni tana zaune lafiya takan sami kafa ta faɗa cikin jini, daga jini ta wuce ƙwaƙwalwa. Shi ya sa annobar takan ɗaga kai a Disamba ko Janairu, ta yi tsanani a Maris da Afrilu, da ruwan shuka ya sauka kuma sai ta kwanta kamar an yi mata tsawa. Likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, cikinsu har da Brian Greenwood wanda ya yi aiki a can cikin shekarun 1970, sun auna wannan shekara da shekaru, suka nuna yadda yawan majinyata ke hawa sa'ad da danshin iska ya sauka.

Iyayenmu da ke cewa zafi ke kawo sanƙarau ba su yi nisa da gaskiya ba, sai dai zafin ba shi ne cutar ba, mabuɗin ƙofa ne kawai. Wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana taswirar wannan al'amari a shekarar 1963. Ya nuna cewa annobar tana bin wani zirin ƙasa da ya ratsa Afirka kamar ɗamara, inda ruwan sama na shekara ke tsakanin milimita 300 da 1,100. Yau ana lissafa ƙasashe 26 a cikin zirin, daga Sinigal zuwa Habasha. Mu kuwa muna tsakiyarsa sosai.

Tarihin cutar a Arewa bai kai tsufan da ake zato ba. Babbar annoba ta farko da aka rubuta ita ce ta 1905, wadda aka ba da labarinta daga Zungeru da wasu garuruwa. A farkon shekarun 1920 ta dawo, ta kashe dubun dubatar mutane a Lardin Sakkwato kaɗai. A ranin 1949 zuwa 1950 an ƙidaya fiye da mutum 90,000 da suka kamu a lardunan Arewa, fiye da 14,000 suka rasu. Sai kuma ta 1996, wadda da yawa daga iyayen da ke nan suka gani da idonsu: mutum 109,580 aka rubuta sun kamu a Nijeriya, 11,717 suka riga mu gidan gaskiya. Waɗanda aka rubuta ke nan. Wanda ya rasu a ƙauye da dare aka yi masa sutura da hantsi bai shiga littafin kowa ba.

Iska ba ta ɗaukar ƙwayar daga gari zuwa gari, ƙafar mutum ke kai ta. A nan ne maganar tafiya ta shigo, kuma a nan ne ya kamata mu dubi kanmu da kyau, domin mu mutanen tafiya ne tun kaka da kakanni. Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal da Aliero zuwa Jega tsohuwar hanyar fatake ce. Da an kawar da amfanin gona, samari sukan ɗaure kaya su tafi cin rani. Wani masanin labarin ƙasa, Mansell Prothero, ya yi nazarin ƙidayar da aka yi a mashigan Lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, inda aka lissafa kimanin rubu'in miliyan na masu fita neman kuɗi a rani guda. Yau motoci sun maye gurbin jakuna, tafiyar wata ta koma ta yini. Ku dubi yadda abin ya dace: watannin da maƙogwaro ya fi rauni, su ne watannin da muka fi cunkushewa a bayan akori-kura da cikin bas, su ne na kasuwannin albasa, da bukukuwan aure, da yawon almajirai, da kwanan mutum ashirin a shago guda a Legas ko Ibadan ko Yamai. Ƙwayar takan yi kwana biyu zuwa goma a jiki kafin ta nuna kanta. Cikin kwana goma kuwa, ɗan Sanyinna ya isa ya je Kurmi ya dawo.

Hatta tafiya mafi daraja ba ta kuɓuta ba. A aikin Hajjin 1987 annobar nau'in A ta ɓarke a Makka, alhazai suka koma da ita ƙasashensu, ta bi ta Sudan da Cadi da Habasha, kuma zuriyar wannan ƙwaya ce ta iso Nijar a 1995, ta iso mu a 1996. A wannan shekara hukumomin Saudiyya suka hana maniyyatan Nijeriya shiga. A Hajjin 2000 kuma nau'in W ya bayyana, bayan shekara biyu ya kashe fiye da mutum dubu a Barkina Faso. Wannan ne dalilin da ya sa ba a ba maniyyaci izinin shiga sai da shaidar allurar sanƙarau mai kare nau'i huɗu. Muna jin ana raɗe-raɗin cewa akwai masu neman katin ba tare da an yi musu allurar ba. Duk ma'aikacin da ya buga hatimi a kan irin wannan kati, ya sani ba alhajin kaɗai ya cuta ba, har da jikokin da za su rungume shi ranar da ya sauka.

Annobar 1996 ta bar abubuwa biyu. Na farko tabo ne. A Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a binciken da ya ƙunshi yara 200, goma sha ɗaya daga cikinsu suka rasu, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata, har aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Idan dattijo a ƙauye ya ɗaure fuska ya ga masu allura, kada mu yi saurin kiransa jahili. Yana da abin da yake tunawa, kuma hakkinsa ne a zauna a yi masa bayani da harshensa. Na biyu kuwa alheri ne. Ganin cewa Afirka ta yi hasarar kimanin rayuka 25,000 a wannan annoba, aka dukufa neman allurar da talaka zai iya samu. Aka yi ta a Indiya, aka sa mata suna MenAfriVac, kuɗin kowace ɗaya bai kai rabin dala ba. An fara ta a Barkina Faso da Mali da Nijar a Disamban 2010, Nijeriya ta bi sahu daga 2011, ana yi wa duk mai shekara 1 zuwa 29. Cikin 'yan shekaru nau'in A, wanda ya yi ƙarni guda yana cin mutanenmu, ya kusa ɓacewa ƙaf. Tun 2019 tana cikin alluran da ake yi wa jariri a wata tara.

Ana cikin wannan murna ne labari ya fito daga ƙasar nan. A farkon 2013 jaridu suka ba da rahoton wata cuta da ke kashe mutane a ƙasar Jabo. Ƙungiyar likitocin nan na-gari na-kowa, MSF, ta zo ta yi aiki tare da Ma'aikatar Lafiya, aka ɗebi ruwan gadon bayan majinyata aka aika da shi har birnin Oslo na ƙasar Nowe. Sakamakon ya nuna sanƙarau ne, amma nau'in C, kuma wani iri ne da ba a taɓa gani a ko'ina a duniya ba. Allurar A ba ta da iko a kansa. A wannan rani an rubuta mutum 856 da suka kamu a Jihar Sakkwato, 58 suka rasu. Da aka bi asalin ƙwayar daga baya, sai aka tarar kakarta wata ƙwaya ce marar riga, marar cutarwa, irin wadda ke zaune a maƙogwaron mutane ba ta taɓa kowa. Wajen shekarar 2011 ta aro rigar C daga wata 'yar'uwarta, ta zama makashiya. Ƙwayoyin nan sukan yi musayar kayan gado a tsakaninsu kamar yadda maƙwabta ke aron tsani.

Daga nan sai ta bi hanya, rani bayan rani. A 2014 ta tsallaka Jihar Kebbi. A 2015 an rubuta mutum 6,394 a Kebbi da Sakkwato, 321 suka rasu, kuma a shekarar ta shiga Nijar ta kama fiye da mutum 8,000, har da birnin Yamai, ta kashe fiye da 500. A ranin 2016 zuwa 2017 ta yi ɓarnar da nau'in C bai taɓa yin irinta ba a tarihi: fiye da mutum 14,000 a Nijeriya, 1,166 suka rasu, mafi yawansu a Zamfara da Sakkwato da Katsina, kuma mafi yawansu yara 'yan shekara 5 zuwa 14.

A kan wannan annoba ta 2017 muke so mu ɗan tsaya, domin ita ce ta fi shafar irin aikin da yawancinku za su yi. Majinyatan farko sun bayyana a Zurmi ta Jihar Zamfara tun ƙarshen 2016. Labari bai kai hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ba sai a watan Fabrairu. Allurar rigakafi ba ta fara shiga hannun mutane ba sai a watan Afrilu, sa'ad da annobar ta riga ta kai ƙololuwa, saura 'yan makonni ruwa ya sauka ya kashe wutar da kansa. Gaskiya ne allurar C ta yi ƙaranci a duniya a lokacin, har sai da Ingila ta ba da gudummawar wadda aka yi amfani da ita a Sakkwato. Amma rumbun alluran gaggawa na duniya, wanda aka kafa a 1997, ba ya sakin ko kwalba ɗaya sai an kai masa alƙaluma da shaidar ɗakin awo cewa ga nau'in da ke kisa. Watannin nan da suka salwanta tsakanin Disamba da Afrilu, a tsakanin ƙauye da disfensare suka salwanta, da tsakanin disfensare da sakatariyar ƙaramar hukuma, da tsakanin tebur da tebur a ma'aikata. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa a wannan shekara sai da ayari ya yi nisa muka shiga neman wuƙa.

A tsakiyar wannan masifa ne Gwamnan Zamfara na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya shaida wa 'yan jarida cewa annobar horo ce daga Allah saboda zunuban jama'a, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu kuma ya fito fili ya ce abin da ake bukata shi ne a nemo allura. Ba mu zo nan don mu yi wa kowa alƙalanci ba. Sai dai muna tunatar da kanmu cewa Sayyidina Umar, da ya kama hanyar Sham ya ji labarin annoba a gabansa, juyawa ya yi da jama'arsa, ba wanda kuma ya fi shi sanin ƙaddara a cikinmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, duk da nauyin mulki da yaƙi, sai da ya zauna ya rubuta littattafai a kan magani. Neman sanin sababi gadonmu ne.

To, mene ne ma'aunin da ake gane annoba da shi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauƙaƙa shi har ɗan firamare ya iya lissafawa. A yankin da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, in aka sami majinyata 3 cikin kowane 100,000 a mako guda, an shiga halin faɗakarwa, sai a sanar, a ɗebi ruwa a auna, a tanadi magani. In suka kai 10 cikin 100,000 a mako guda, annoba ta tabbata, kuma ana so a fara allura kafin mako huɗu su cika. A garin da bai kai mutum 30,000 ba, majinyata biyu a mako faɗakarwa ce, biyar kuwa annoba ce. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Tambuwal kusan mutum 225,000, Kebbe kuma kusan 124,000, ko da yake an ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. In aka haɗa lissafin ƙaramar hukuma duka a dunƙule, gunduma guda tana iya ƙonewa alhali jimillar tana nuna lafiya lau. Tilas ne a riƙa lissafi gunduma gunduma. Yara biyu a unguwa ɗaya cikin mako ɗaya a watan Fabrairu, wannan labari ne da ya cancanci a tashi hakimi daga barci saboda shi.

Akwai kuma wata wahala da ta keɓanta da mu. Ƙasar Kebbe tana iyaka da Jihar Kebbi da Jihar Zamfara, Gulbin Zamfara ya biyo daga wajen Gummi ya nufi Jega, mutane suna bin kwarinsa suna cin kasuwannin juna. Kafin 1991 duk jiha guda ce, ma'aikatar lafiya guda. Yau ma'aikatu uku ne, kowace da littafinta. Majinyacin da ya kamu a wannan jiha, ya kwanta asibiti a waccan, aka binne shi a ta uku, wa zai lissafa shi? Jami'in lafiya na Kebbe ya kamata ya san lambar wayar takwaransa na Gummi da na Jega kamar yadda ya san ta gidansu, ba sai takarda ta je Sakkwato ta kewayo ta Gusau ba. Daɗin daɗawa, rashin tsaron 'yan shekarun nan ya tara mutanen ƙauyuka a makarantu da kangaye, ya kuma sa waɗanda suka saba shimfiɗa tabarma a tsakar gida da bazara suna kulle kansu a ɗaka da tagogi a toshe. Tsohuwar shawarar duba-gari ta cewa a kwana inda iska ke ratsawa tana nan da amfaninta, amma faɗinta ya fi yinta sauƙi ga wanda ke tsoron dare.

'Yan'uwa ɗalibai, kada ku ɗauka wannan cutar ƙauye ce. Ɗakin kwanan da aka gina don mutum huɗu, mutum goma sha biyu ke kwana ciki, kowa daga garinsa da irin ƙwayar da ya zo da ita, ga kofi guda ana zagayawa da shi. A watan Maris na 2025 sai da aka rufe Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, nan kusa da mu, bayan rasuwar wasu ɗalibai, a lokacin da sanƙarau ke ɓarna a Gwandu da Jega da Aliero. Saboda haka ku san alamunsa. Zazzaɓi mai zafi da ya faɗo farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, ido ya ƙi haske, mutum ya shiga sambatu ko barcin da ba a iya tashe shi, wani lokaci da jijjiga, ko wasu ɗige-ɗige masu duhu a fata. Jariri kuwa wuyansa ba lalle ya sanƙare ba. Sai dai ya ƙi nono, ya yi ta kuka mai ƙara, maɗigarsa ta kumbura. Kuskuren da ya fi kashe mutane shi ne a ce zazzaɓin cizon sauro ne, a je kemis a sayo ƙwayoyi a jira gobe, ko a ce iskokai ne a shiga hayaƙi. Zazzaɓin sauro ya fi yawa da damina da kaka. Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani a tsakiyar bazara, a ɗauke shi sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. In ba a yi magani ba, yana iya kashe rabin waɗanda ya kama. In an yi, tara cikin goma sukan tashi, amma waɗanda ke rasuwa galibi cikin kwana ɗaya ko biyu na farko suke tafiya. Maganin allura ce da ake kira seftiriyazon, wadda ya kamata a ce kowane babban asibiti ya tanade ta tun kafin hunturu. Abokin ɗakinka in ya kwanta da irin waɗannan alamu da dare, a daren za a nemi mota. Kada a jira shugaban ɗakin kwana ya farka, kada a jira a buga wa iyayensa waya su yanke shawara.

Mutanenmu suna tsoron a ɗebi ruwan bayan majinyaci, suna cewa shi ke kashewa ko ya gurgunta. Dalilin wannan zato a fili yake: waɗanda aka fi ɗiban ruwansu su ne waɗanda aka kawo a makare, in suka cika sai a ɗora wa allurar laifi. Ruwan da ake ɗiba bai fi cokali ba, daga ƙasan inda lakar ta ƙare ake zuƙo shi, jiki kuma yakan mayar da shi cikin sa'o'i kaɗan. Da shi ne kaɗai ake sanin harafin ƙwayar, da harafin ne kuma ake samun allurar da za ta kare sauran gari. Ku da kuka yi karatu, ku ne za ku tsaya kusa da uban yaro ku yi masa wannan bayani a hankali.

Makamai sun ƙaru a hannunmu fiye da na 2013. A Madarunfa ta Jihar Maraɗi, a 2017, an gwada ba dukan mutanen ƙauye ƙwayar magani guda ɗaya da zarar an sami majinyaci na farko, aka ga yawan masu kamuwa ya ragu da fiye da rabi. Wannan aikin hukuma ne, ba na kowa ya je kemis ya saya wa kansa ba, domin shan irin waɗannan magunguna barkatai shi ke koya wa ƙwayoyin cuta jure musu. Sa'an nan a watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da sabuwar allura mai suna Men5CV, wadda ke kare nau'i biyar a lokaci guda, A da C da W da X da Y. A 2025 an kawo fiye da miliyan ɗaya don jihohin da annobar ta fi taɓawa, cikinsu har da Kebbi da Sakkwato. Wanda aka yi wa tsohuwar allurar A tun yana yaro kada ya ce ya gama. In masu sabuwar suka zo, ya miƙa hannu, ya kuma kai ƙannensa.

Ba mu manta ba cewa ruwan da ke kashe wutar sanƙarau shi ke kunna ta kwalara da zazzaɓin sauro, kuma waɗanda suka yi karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2010 suna tuna ambaliyar da ta yanke hanyar shiga makarantar. Wannan magana ce ta wani zama dabam.

Saura abu guda da ba a cika faɗa ba, watau waɗanda suka tashi. Kimanin ɗaya cikin biyar na waɗanda suka warke sukan fita da wani tabo: kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin gaɓa, ko nauyin fahimta. Kurumta ta fi yawa, kuma ita ce ta fi ɓoyuwa. Yaro ya dawo daga asibiti, an yi barka, an yi sadaka, bayan wata biyu sai a ga ba ya amsa kira, a gida a ce ya yi taurin kai, a makaranta a ce daƙiƙi ne, a yi ta dukansa har ya bar zuwa. Ƙa'idar likitoci ita ce a auna jin duk wanda ya warke kafin a sallame shi, ko cikin mako huɗu bayan sallama, domin in aka daɗe, cikin kunnen yakan ƙandare yadda gyara zai yi wuya. Da yawa daga cikinku aji za ku shiga, wasu a hidimar ƙasa, wasu a matsayin aikin dindindin. In aka dawo hutu kuka ga yaron da ya yi jinya da bazara yana kallon bakinku maimakon allo, ku tsaya ta bayansa ku kira sunansa da murya ƙasa-ƙasa. In bai waiwayo ba, ku dawo da shi layin gaba, ku nemi mahaifinsa, ku rubuta masa takarda zuwa sashen kunne na Asibitin Koyarwa da ke Sakkwato.

Shugaban taro, a nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi.